Tauraron da ke Faɗuwa: Abin da Muka Faɗa wa Wani Masoyin LeBron James

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani matashi daga cikin masu halartar karatunmu na tsakanin Magariba da Isha'i ya tsaya wata rana bayan jama'a sun watse, yana riƙe da baƙar leda. Mun san shi da natsuwa, mun kuma san cewa tun yana makarantar sakandare yake buga ƙwallon kwando. Ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma kunyarta nake ji." Muka ce ya faɗa, babu kunya wajen neman sanin addini. Sai ya zaro wata jesi mai lamba 23 daga cikin ledar, ya ce, "Shin ya halatta in ƙone rigar nan, in kuma la'anci mai ita? Shekara tara ina son mutumin nan kamar yayana, yanzu ko sunansa ba na son ji."

Mai rigar shi ne LeBron James, ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙasar Amurka. Mun ga ya dace mu kawo zancen wannan shafi da izinin matashin, ba tare da ambaton sunansa ba, domin ciwon da ya kawo mana ya yi yawa a cikin samarinmu, ko da sunan gwanin ya bambanta daga wannan zuwa wancan.

Ga wanda bai san mutumin ba, an haife shi a garin Akron na jihar Ohio a ƙarshen shekarar 1984, mahaifiyarsa tana da shekara 16, kuma cikin talauci ta raine shi ita kaɗai. Ya shiga gasar NBA a 2003 da ƙungiyar Cleveland, ya ci kofin gasar sau huɗu, a 2012 da 2013 da 2016 da 2020, sannan a watan Fabrairun 2023 ya zarce maki 38,387 da Kareem Abdul-Jabbar ya tara, wanda ya kusa shekara arba'in ba a kamo shi ba. Babu mai adalci da zai yi musun baiwar da Allah Ya ba shi a wannan fage.

Ɗalibin namu ya ce soyayyar ta kama shi ne a watan Yunin 2016. Ƙungiyar Golden State, wadda ta ci wasa 73 a kakar, tana gaba da wasa uku da ɗaya a zagayen ƙarshe, kuma ba a taɓa samun ƙungiyar da ta farfaɗo daga irin wannan rami a wannan mataki ba. LeBron ya ja Cleveland suka ci wasa uku a jere, birnin ya sami kofin da ya yi shekara 52 yana jira a manyan wasanni. Wasan ƙarshe ya faɗo a tsakiyar watan Ramadan, an tashi kusa da lokacin sahur a agogonmu. Ya ce a daren ya yi kuka, ya ji cewa ɗan talaka ma yana iya kaiwa ko'ina. Sai ga shi a 2018 gwanin ya buɗe makaranta a Akron domin yaran da karatu ya yi musu nauyi. A shekarar ce kuma wata mai gabatar da shiri a talabijin ta ce ya rufe bakinsa ya ci gaba da buga ƙwallonsa, shi kuwa ya ƙi yin shiru a kan zaluncin da ake yi wa baƙar fata a Amurka. Daga nan, in ji matashin, ya daina kallonsa a matsayin ɗan wasa kawai, ya ɗauke shi mutumin da ba ya tsoron faɗin gaskiya.

Tsagewar farko ta zo a watan Oktoban 2019. Daryl Morey, wanda yake manajan ƙungiyar Houston a lokacin, ya wallafa goyon bayansa ga masu zanga-zanga a Hong Kong. Hukumomin ƙasar Sin suka fusata, gidan talabijin na gwamnati ya dakatar da nuna wasannin NBA, kasuwa mai ɗimbin kuɗi ta shiga haɗari. Da aka tambayi LeBron, sai ya ɗora laifin a kan Morey, ya ce bai fahimci lamarin ba kafin ya yi magana, kuma maganarsa tana iya cutar da mutane, har da ta fuskar dukiya. Matashin ya ce ya nema masa uzuri a lokacin. Amma a 2021, da Enes Kanter, ɗan wasa Musulmi wanda ya tashi a Turkiyya, ya fito yana sukarsa da kamfanin Nike a kan shirunsu game da halin da Musulmin Uighur suke ciki a yankin Xinjiang, uzurin ya fara yi masa nauyi. Gwamnatin Sin tana musanta zargin, Nike ma ta ce ba ta sayen kaya daga yankin, sai dai ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a watan Agustan 2022 da ya ce abin da ake yi a can yana iya kaiwa matsayin laifi a kan bil'adama. Tambayar da ta hana ɗalibinmu sakat ita ce, me ya sa harshen da ya yi kaifi a kan zaluncin gida ya dushe a inda kasuwar takalma take?

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A farkon 2024 aka sanar da cewa gwanin ya ƙulla yarjejeniyar talla da DraftKings, kamfanin cacar wasanni na Amurka. Wannan ya soki matashin a wurin da yake da miki, domin ƙanensa ya taɓa salwantar da kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo ta waya, har mahaifiyarsu ta sayar da 'yan kunnenta. Sai kuma Oktoban 2025, lokacin da LeBron ya sanar da cewa zai bayyana wata babbar shawara, ya yi shigar da ta tuna wa mutane shirin talabijin na 2010 wanda a cikinsa ya sanar da barin Cleveland. Masoya da yawa suka ɗauka ritaya zai yi, ɗalibinmu ya kwana yana juyayi. Da lokaci ya yi, sai ga tallar giyar Hennessy. Ya ce, "Malam, ranar na gane cewa hawayena ma haja ce a wurinsu."

Abin da muka fara faɗa masa shi ne ya gode wa Allah da zuciyarsa ta ji zafin. Zuciyar da take ganin ana tallar giya da caca ta ji ƙyama, akwai sauran rai a cikinta. Allah Maɗaukaki Ya haɗa waɗannan biyu a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya kuma bayyana a ayar da ke biye cewa da su ake jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ake kange su daga ambaton Allah da salla. Wanda gidansu ya ɗanɗana ɗacin caca ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan.

Sai dai mun ce masa ya koma baya kaɗan, ya duba inda kuskuren ya faro. LeBron James ba Musulmi ba ne, bai taɓa yi wa kowa alkawarin rayuwa bisa shari'armu ba, kuma giya da caca halal ne a dokar da yake ƙarƙashinta. Tun 2003, kafin ya buga wasa ko ɗaya a NBA, Nike ta ba shi kwantiragin kusan dala miliyan 90. Ma'ana, tun ranar farko akwai masu jari da suka zuba dukiya domin a so shi, kuma su suka zana hoton da ya iso wayoyin 'ya'yanmu. A duba irin kalmomin da aka yi amfani da su. Yana ɗan makaranta wata mujallar wasanni ta kira shi Zaɓaɓɓe, ya kuma zana wannan laƙabi a gadon bayansa. Ana yi masa kirari da Sarki. An rataya wani katafaren hotonsa a jikin bene a Cleveland, ya ware hannuwa, an rubuta cewa dukkanmu shaidu ne. Zaɓi da sarauta da shaida kalmomi ne da aka aro daga taskar addini domin a sayar da takalmi. Masu talla sun san cewa zuciyar ɗan Adam an halicce ta da ƙishirwar wanda za ta girmama ta bi, sai suka kafa rumfa a bakin wannan ƙishirwa.

Wani ɗan wasan, Charles Barkley, ya faɗi gaskiyar lamarin a wata talla tun 1993, inda ya ce shi ba abin koyi ba ne, iya jefa ƙwallo a kwando ba ya nufin shi zai yi wa mutane tarbiyyar 'ya'yansu. An yi ta sukarsa a kan maganar, alhali ya fi masu sukar fahimtar iyakar sana'arsa. Gwaninta a hannu daban take da nagarta a hali, kuma Allah Yana ba da ta farko ga wanda Yake so da wanda ba Ya so. Ɗalibinmu ya ga mutum ya ƙware a abu ɗaya, sai ya miƙa masa ragamar abubuwa goma. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, mu kuma muna ƙarawa da cewa yakan ƙirƙiro falalar da babu ita.

Addininmu ya san wannan cuta tun da daɗewa. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa sunayen nan biyar da suka zo a aya ta 23 ta Suratu Nuh, wato Wadd da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu sai aka kafa musu alamu a majalisunsu domin tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Ba muna cewa mai manna hoton ɗan ƙwallo a ɗakinsa mushriki ne ba, Allah Ya kiyashe mu da saurin kafirta Musulmi. Abin lura shi ne ɓatan farko a tarihin ɗan Adam ta ƙofar wuce iyaka wajen girmama mutum ya shigo, kuma mutanen da aka girmama ɗin salihai ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya hana a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa ɗan Maryam, ya ce a kira shi bawan Allah kuma ManzonSa. Idan fiyayyen halitta ya sa wa yabonsa iyaka, ina ga wanda falalarsa ita ce tsalle da saiti?

Mun tambayi matashin, sau nawa ya rasa sallar Asuba cikin jam'i saboda wasan? Ya sunkuyar da kai. Tun da gwanin ya koma Los Angeles a 2018, wasannin gida sukan fara ne wajen ƙarfe uku da rabi ko huɗu da rabi na dare a agogon Najeriya, su ɗauki sama da awa biyu. Ladan yana kira, wasa yana kan ganiyarsa. Wannan ita ce asarar da ta fi cancantar kuka, kuma ba LeBron ne ya jawo ta ba, domin bai san da zaman ɗalibinmu a duniya ba. Anas ɗan Malik ya ba da labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) game da tashin Alƙiyama, ya ce bai tanadi yawan salla da azumi ba sai dai yana son Allah da ManzonSa, aka yi masa bushara da cewa mutum yana tare da wanda yake so. Anas ya ce ba su taɓa farin ciki da wani abu bayan Musulunci kamar wannan magana ba. Busharar tana ɗauke da gargaɗi a cikinta, domin so jari ne da za a tashi mutum a kansa, bai kamata a zuba shi inda aka ga dama ba.

To, batun la'ana da ƙona riga fa? Nan muka ce masa a'a. Wanda ya wuce iyaka a so, idan bai yi hattara ba zai wuce iyaka a ƙi, kuma duka biyun alama ce ta cewa har yanzu mutumin ne yake juya zuciyarsa. An ruwaito daga Sayyidina Aliyu, wasu kuma suka ɗaukaka maganar zuwa ga Annabi (SAW), cewa a so masoyi da sauƙi domin wata rana yana iya zama abin ƙi, a ƙi maƙiyi da sauƙi domin wata rana yana iya zama masoyi. Bayan yaƙin Uhudu Manzon Allah (SAW) ya yi addu'a a kan wasu shugabannin Ƙuraishawa da sunayensu, cikinsu har da Safwanu ɗan Umayya da Suhailu ɗan Amru da Harisu ɗan Hisham, sai aya ta 128 ta Suratu Ali Imrana ta sauka tana sanar da shi cewa al'amarin na Allah ne, ko Ya karɓi tubarsu ko Ya azabta su. Dukkansu uku sun musulunta daga baya. Saboda irin wannan ne malamai da dama suka hana la'antar wani ayyanannen mutum da yake raye, tun da babu wanda ya san da me za a cika masa. Roƙa masa shiriya ya fi, kuma bai fi ƙarfin Allah ba. Mutumin da LeBron ya karɓe wa kambun maki, an haife shi ne da sunan Lew Alcindor kafin Allah Ya shiryar da shi.

Haka nan adalci wajibi ne ko ga wanda muke fushi da shi, kamar yadda aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni. Makarantar Akron tana nan, yaran da suka amfana da ita sun amfana. Maganar da ya yi a kan kisan baƙaƙen fata gaskiya ce ranar da ya faɗe ta, kuma tallar giya ba ta mayar da ita ƙarya ba. Muna yaba alherin, muna ƙin sharrin, muna barin hisabin mutumin ga Mahaliccinsa. Ita kuwa rigar, dukiya ce, kuma an hana mu tozarta dukiya. Masoyan Cleveland sun ƙone rigunansa a titi a 2010, shekara huɗu bayan haka ya dawo suka sayi sababbi. Kamfani ne ya ci riba sau biyu.

Wani zai ce maganin shi ne mu nuna wa yaranmu taurari Musulmi. Akwai gaskiya a ciki. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995, yana azumi yana buga wasa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995 wanda ya dace da Ramadan. Ya sa sunansa a takalmin da bai kai dala 35 ba a lokacin da na sauran taurari ya haura ɗari, domin uwa matalauciya ta iya saya wa 'ya'yanta. Irin wannan labari ya cancanci a ba yara. Amma idan muka cire hoton wani muka manna na wani ba tare da mun gyara ma'aunin ba, mun sauya wa cutar riga ne kawai. Musulmi ma ɗan Adam ne, tara yake bai cika goma ba. Saurayin da ya rataya imaninsa a wuyan ɗan wasa Musulmi, ranar da ɗan wasan ya yi tuntuɓe imanin zai girgiza tare da shi.

A nan dole mu juya yatsa zuwa kanmu, mu masu hawa mumbari. Abin da ya sami wannan matashi da ɗan ƙwallo yana samun dubbai da malamai. Ana ɗaukar malami a kai shi inda ba ya kuskure, a yi gaba da dangi saboda shi, a yi zagi a Facebook domin kare shi. Ranar da aka gan shi a ƙofar mai mulki yana lanƙwasa fatawa, ko wani asirinsa ya tonu, sai ka ji almajirin ya ce ya daina yarda da malamai gaba ɗaya, wani ma ya yi sanyi da masallacin. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa mai son koyi ya yi koyi da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, domin rayayye ba a amince masa fitina ba. Imamu Malik kuma ya koyar da cewa kowa ana karɓar maganarsa ana mayarwa, ban da Manzon Allah (SAW). Shi kaɗai Allah Ya ajiye mana a matsayin kyakkyawan abin koyi ba tare da togiya ba, a aya ta 21 ta Suratul Ahzab. Malamin da ya bar ɗalibai suna yi masa irin son da ake yi wa taurari, yana jin daɗin abin, ya sani cewa yana gina musu ramin da za su faɗa ne.

Akwai kuma laifinmu na biyu. Mun bar fagen wasa ga 'yan talla, muna yi wa duk mai riƙe da ƙwallo kallon ɗan shashanci, alhali Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya bar Habashawa suna wasa da māsu a masallacinsa, ya kuma bayyana cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni, ko da yake akwai alheri a kowannensu. Yaro yana neman gwarzo, idan bai ji labarin Mus'abu ɗan Umair da Usama ɗan Zaid a bakinmu cikin salon da zai kama zuciyarsa ba, wayarsa za ta ba shi wani kafin gari ya waye. Uban da bai san sunan wanda ɗansa yake kwana yana kallo ba, ya bar wa baƙo tarbiyyar gidansa.

Allah Ya ba mu labarin Annabi Ibrahim (AS) a Suratul An'am, lokacin da yake kafa wa mutanensa hujja. Ya dubi tauraro, da ya faɗi sai ya bayyana cewa shi ba ya son masu faɗuwa, haka wata, haka rana, sannan ya fuskantar da fuskarsa ga Wanda Ya ƙagi sammai da ƙasa. Bai zagi tauraron ba, bai kuma musanta haskensa ba, ya dai ƙi ba shi matsayin da ba nasa ba. Abin da muka roƙi ɗalibinmu ke nan. Ya ci gaba da buga ƙwallonsa da suturar da ta rufe al'aura, ya koyi dabarun wasa daga duk wanda ya iya, ya kalli abin da ya wuce da rana idan ya sami sarari, ya kuma bar daren ga barci da Asuba.

Ya mayar da rigar cikin leda, ya ce zai riƙa sa ta wajen atisaye har ta tsufa. Muka ce ya kawo mana ƙanen nasa ranar Asabar, domin maganar caca ba ta ƙare ba.

Allah Ya azurta mu da sonSa da son wanda yake sonSa da son aikin da zai kusantar da mu zuwa gare Shi. Ya shiryi matasanmu, Ya tsare su daga giya da caca, Ya shiryi wanda muka yi magana a kansa, Ya kuma rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ne Mafi sani.